Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Masu Awo Daga Riruwai Zuwa Tiga

Duk wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwan Tiga, abin da yakan dawo da shi a baki shi ne faɗin ruwan. Mu ma haka muka taso. Tun muna firamare ake kwasar mu a mota a kai mu, mu jeru a kan bangon muna kallon ruwa har inda ido ya gaza, malam ya ce mana Audu Bako ne ya gina, mu dawo gida muna ta zuzutawa. Ba wanda ya taɓa nuna mana ɗan allon nan mai zanen lambobi da ake kafawa a bakin ruwa don a san ko ya ƙaru ko ya ja baya. Ba wanda ya ce mana akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya duba lambar, ya rubuta, ya kai wa na gaba da shi, kuma da wannan rubutun ake yanke shawarar buɗe ƙofa ko rufe ta.

Sana'ar wannan mutum ba ta da suna guda a bakinmu. A masana'antun zamani ta rabu gida uku. Akwai mai kula da ma'aunai, wanda ke ɗaura su, ya saita su, ya gyara su idan sun fara ƙarya. Akwai mai sarrafa injuna, wanda ke tsara yadda na'ura za ta karɓi abin da ma'auni ya faɗa ta buɗe bawul ko ta rage wuta da kanta. Sai mai duba inganci, wanda ke da ikon cewa wannan kaya ba zai fita ƙofar kamfani ba. Yaranmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, idan ma sun ji labarin irin wannan aiki, sukan ɗauka na mutanen Fatakwal ne da Legas. Alhali kuwa idan muka waiwaya, manyan ayyukan da aka yi a wannan yanki namu duk a kan awo suka tashi, kuma da yawansu a kan awo suka faɗi.

Mu fara daga can ƙarshen kudu, inda jihar Kano ta tsuke ta kutsa tsakanin Kaduna da Bauchi. Idan ka ratsa dajin Falgore ka nausa, za ka iske Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, a cikin duwatsun da suka yi zobe. Masana ilmin ƙasa sun ce saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ce, kuma a jikinta kuza take. Tun kafin Bature ya san hanyar nan mutanen Riruwai ke narka ta. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya lissafa dalma cikin kayan ƙasa da ya gani ana sayarwa a kasuwa. A ƙarni na 19 ɗin ne kuma wasu daga cikin masu narkin suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, suka kafa garin da aka sani da Riruwan Dalma, suka tafi da sunan da sana'ar gaba ɗaya.

Aikin ba ƙarami ba ne. A wanke yashin rafi a ƙwarya har baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa, a zuba ta a murhun yumɓu tare da gawayi, a yi ta zuga. Ita dalma da kanta ba ta da wuyar narkewa, digiri 232 a ma'aunin Salshiyas ya ishe ta, amma raba ta da dutsen da take ciki sai wuta ta haura digiri 1,000. Babu ma'aunin zafi a hannun kowa. Launin harshen wuta da sautin zuga-zugi su ne ma'aunin, kuma a idon babban maƙeri da kunnensa suke zaune. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda suke fitar da hajar. Ba dunƙule suke yi ba. Sirara suke zubawa kamar tsinke, tsayi da kauri kusan ɗaya, a ɗaure su dami-dami. Mai saye a Kano ba ya bukatar sikeli, ƙirgawa zai yi. Siririn abu kuma ba ya ɓoye algus, ga shi dalma mai kyau idan aka lanƙwasa ta takan yi wani ɗan kuka da kunne ke ji. Wato dai sun riga sun gano abin da injiniyoyin inganci ke karantawa a littafi yau, cewa kayan da ya fito iri ɗaya kullum shi ne ake saye ba tare da gardama ba.

Waɗannan tsinkayen ne suka jawo mana baƙi. Kamfanin Neja ya gan su a kasuwa ya bi sawunsu, ya tura masu bincike a 1902, zuwa 1903 sun kafa sansani a Tilden Fulani. Dokar mulkin mallaka ta mayar da duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, aka yanka wa kamfanoni filaye, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya da ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos a 1914. Ba a yi shekara talatin da zuwan Turawa ba murhun gargajiya ya mutu. Kuza ta koma tafiya Ingila ɗanya a buhu, ba a sake narka ta sosai a ƙasar nan ba sai da aka buɗe masana'antar Makeri a Jos a farkon shekarun 1960.

Ba aikin yi mutanenmu suka rasa ba. Diga da shebur da kwanon ɗaukar ƙasa a ka, waɗannan kam an ba su har sun gaji. Abin da ya suɓuce musu shi ne hukunci. A da maƙeri ne ke cewa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba. Yanzu sikelin kamfani ne ke faɗin nauyi, ɗakin gwajin kamfani ne ke faɗin ko dalmar da ke ciki ta haura kashi 70 cikin 100, kuma ɗan ƙasa ba ya shiga ɗakin sai da tsintsiya. Labarin kwalambait ya isa misali. Shekara da shekaru ana ware wannan baƙin yashi daga kuza ana zubarwa a matsayin datti, sai a shekarun 1950 Amurka ta shiga sayensa da tsada saboda ƙarfen injin jirgin sama, aka koma tonon juji. Wanda ya san abin da ke cikin jujin shi ya ci riba. Wanda ya tara jujin da hannunsa kuwa ladan yini aka biya shi.

A shekarun 1970 an sake gwada Riruwai da babban shiri. Aka haƙa rami zuwa cikin dutse don bin wata jijiyar kuza da tutiya mai tsawon kimanin kilomita 5. Ma'adinin ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ya yiwuwa sai da masu auna iska, masu kula da famfunan janye ruwa, masu gwada samfur. Da ya ɗore, da ya zama makarantar irin waɗannan ma'aikata a ƙofar gidanmu. Bai ɗore ba. Aikin ya tsaya a tsakiyar shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985.

Manomi ma bai tsira daga sikeli ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, auduga ma haka, kuma kakanninmu na Kiru da Bebeji sun san malamin sikeli da malamin duba kamar yadda suka san mai karɓar haraji. Shi ne zai soka ƙarfe a buhu, shi ne zai ce audugarka lamba ɗaya ce ko lamba biyu, kai kuma ba ka iya karanta abin da allurar ta nuna ba. Gaskiya a faɗe ta, cutar ba ta gefe guda ba ce. Akwai mai danne sikeli, akwai kuma mai zuba yashi a gyaɗa ko ya yayyafa wa auduga ruwa. Amma abin da ya zauna a zukata shi ne cewa awo makami ne na mai saye. Muna jin har yau wannan tabon bai warke ba. Ka fito da ma'auni a kasuwar ƙauye ka ga yadda fuskoki za su sauya, alhali mutanen nan su ne suka fi kowa tsinuwa ga mai tauye mudu.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. Gaskiya ne, kuma maƙeran Riruwai sun tabbatar. Sai dai a 1960 wani abu ya faru a Ingila da ya nuna iyakar idon. Talo-talo sama da 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano wata guba da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ita ce ake kira afalatoksin. Gyaɗa tana iya yin kyau a ido, ta yi daɗi a baki, gubar na ciki. Daga nan kasuwannin Turai suka fara neman takardar ɗakin gwaji, kuma abin da suke aunawa ƙanƙane ne ƙwarai, 'yan ɓurɓushi cikin biliyan. Babu tsohon da ƙwarewarsa za ta gano wannan.

To, mu dawo Tiga, domin nan ne maganar ta fi nauyi.

An ƙirƙiro jihar Kano a 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako riƙonta har 1975. Ya fara da ƙaramar madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, sannan daga 1971 zuwa 1974 aka tare Kogin Kano a Tiga, a daidai shekarun da fari ya gasa ƙasar Hausa har dabbobi suka yi ta faɗuwa a hanya. Bangon ya kai kimanin kilomita 6 a tsayi, mita 48 a tashi sama, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, wannan bango ba na siminti ba ne. Ƙasa ce aka tara aka daddanne. Irin wannan gini shimfiɗa-shimfiɗa ake yin sa, kuma kowace shimfiɗa sai an ɗebi samfur an auna laimarta da yadda ta danƙaru kafin a zuba ta gaba. Idan ƙasar ta cika bushewa ba za ta kama ba, idan ta cika jiƙa za ta yi taɓo. Direban katafila kowa ya gan shi. Mai ɗan gwangwani da sikeli da ke bin bayansa yana cewa a sake danne nan, shi ba ya fitowa a hoto, amma a kan amincinsa garuruwan da ke ƙasa da madatsar suke barci.

Bayan an gama gini kuma aikin awo bai ƙare ba, farawa ma ya yi. Duk madatsar ƙasa tana tsatsafo, wannan ba aibi ba ne. Abin tambaya shi ne nawa, kuma wane launi. Shi ya sa a irin waɗannan madatsu ake binne bututu a jikin bango don auna matsin ruwan da ya ratsa ciki, ake tara tsatsafon a gindin bango a bi da shi ta wata 'yar ƙofa mai tsaga don a san yawansa, ake kafa alamomi a sama don a ga ko bangon ya zauna ko ya gusa. Idan tsatsafon ya fito garau, da sauƙi. Ran da ya fito da jan ƙasa, to ruwa ya fara sassaƙar bangon ta ciki. Lambar yau ita kaɗai ba ta faɗin komai, sai an jera ta da ta jiya da ta bara. Wannan ne ya sa rubutun da ya yi giɓi na wata shida ya fi kama da rashin rubutu baki ɗaya.

Sai kuma ƙofofi. Ruwan Tiga hanya biyu yake fita. Ɗaya ta babban kanal da ke bi ta Ruwan Kanya ya shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure, shirin da aka tsara wa kashinsa na farko hekta 22,000. Ɗaya kuma ta cikin kogin, ya gangara inda birnin Kano ke jan ruwan sha, ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil, ya nufi Haɗeja da fadamun Nguru. Tun 1976 da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, lissafin wannan rabo ya koma hannun tarayya. Mai juya ƙofa a Tiga, ko ya sani ko bai sani ba, hannunsa na taɓa mai alkama a Kadawa, da mai jiran famfo a Fagge, da masunci a Nguru wanda bai taɓa ganin Tiga ba. Wahalar ita ce ruwan da ka saki yau sai bayan kwanaki zai isa can ƙasa. Idan ka jira sai an yi kuka sannan ka ƙara, ka makara. Idan ka ƙara da yawa don tsoro, ka cinye gonar wani. A auna, a kwatanta da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa, ana la'akari da jinkirin da ke tsakani. Wannan shi ne ainihin ilmin sarrafa injuna da ake koyarwa a jami'a da lissafi mai wuya, ga shi nan shimfiɗe a ƙasarmu tsawon ɗaruruwan kilomita. Kuma ba kullum aka iya shi ba. Sakin ruwa rani da damina ba tsayawa ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja, ambaliyar shekara-shekara da fadamu suka dogara da ita kuma ta ragu.

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle. Ruwan ya share gonaki da gidaje, aka yi asarar rayuka da dukiya, kuma duk wanda ya kai shekarun wayo a lokacin yana iya gaya maka inda yake da ya ji labarin. Bagauda 'yar ƙarama ce idan aka jera ta da Tiga. Kowa ya yi wannan lissafin a zuciyarsa. A 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga da mita 3.5, domin kada ruwan ya riƙa kaiwa inda yake kaiwa a da. Wato an yarda a yi asarar wani babban kaso na ajiyar don a sauƙaƙa wa bangon nauyi. A ganinmu wannan na cikin manyan hukunce-hukuncen da aka taɓa yankewa a kan yankin nan, kuma ba a dandalin siyasa aka yanke shi ba, daga lambobi ya fito. Ba mu san shi ba saboda abin da aka hana faruwa ba ya shiga labarai. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, mutane da yawa a nan sun ɗaga waya suna tambayar lafiyar Tiga. Amsar wannan tambaya ba ta wurin mai magana da yawun kowa. Tana cikin littafin mai duba bututun nan.

An daɗe ana mafarkin samun lantarki daga wannan ruwa. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka fara aikin tashar megawat 10 a Tiga, aka ci gaba da shi zamanin Abdullahi Umar Ganduje, da niyyar ta ba matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titi wuta. Tasha irin wannan ba ta cin ma'aikata da yawa, amma 'yan kaɗan ɗin da take ci irin waɗanda muke magana ne. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a kowace daƙiƙa, dole injin ya riƙe wannan gudu ko an ƙara masa kaya ko an rage, kuma wata na'ura ce ke buɗe wa ruwa hanya ko ta tsuke ta cikin ƙiftawar ido. Ga zafin mai, ga karkarwar ƙarfe, ga matsin ruwa, kowanne da ma'auninsa. Ga kuma tsohuwar gardama da ta samu sabon baki, domin ruwan da mai lantarki ke so a saki ba lallai ya zo daidai da lokacin da manomi ke bukata ba.

A ƙasa kaɗan, a Kadawa ta ƙaramar hukumar Garun Malam, maƙwabtanmu, kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a 2016, wadda aka gina don ta markaɗe tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, daga baya ma ta yi ta buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin kaya da saɓanin farashi. An yi ta magana a kan tsutsa da farashi, amma akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Mai kwando a kasuwa girma da ja yake saye. Masana'anta kuwa kauri take saye. Ɗanyen tumatir kusan duk ruwa ne, abin da ya narke a cikinsa na sukari da sauransu bai fi kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba, kuma sai an ƙafe shi ya kai wajen kashi 28 zuwa 30 kafin ya zama na gwangwani. Bambancin kashi ɗaya tak a gona yana nufin tan-tan na tumatir da man da za a ƙona a banza. Ana gane wannan da ɗigo guda a kan wani ɗan gilashi da bai fi tocila girma ba. Manomin da ba a nuna masa gilashin ba, idan aka ce kayansa bai kai ba, me zai tuna in ba malamin sikelin zamanin kakansa ba?

Haka abin yake a shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa. Uwayenmu masu turara shinkafa sukan ciza ƙwaya su san ta bushe, kuma sau da yawa suna dacewa. Amma babban injin casa yana son laima wajen kashi 14 cikin 100, idan ta ɗara haka ko ta gaza da yawa sai shinkafar ta kakkarye ko ta yi fumfuna a sito. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Wake bai canja kama ba, takardar gwaji ce ta rufe ƙofar.

Ina ake koyon wannan sana'a? Hukumomi sun daɗe da sanin akwai giɓi. An kafa hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wadda yau ake kira SON, a 1971, shekarar da aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF. Hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta zo a 1977 da mazauni a Kaduna, NAFDAC kuma a 1993. A nan Kano, ganin cewa ayyuka irin su Tiga sun fi ƙarfin 'yan ƙasar da ke da ilmin kimiyya, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. A Bagauda akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati. Mai son ya zurfafa, akwai babbar difloma a fannin lantarki da ke da reshen ma'aunai da sarrafawa, kuma Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta Effurun a jihar Delta ta yi suna a kai. Jami'ar Bayero na da sashen da ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ta fara a 2001. Abin dariya, ko abin takaici, tsohon otal ɗin bakin tafkin Bagauda, wanda ke kallon madatsar da ta taɓa ɓallewa, makarantar horar da lauyoyi ya zama.

Matsalar ba ta ajin karatu ba ce kawai. Wannan aiki ne da hannu ke koya. Zamanin da masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ke aiki dare da rana, yaro kan je koyon aiki na wata shida ya dawo ya san warin ɗakin tukunyar tururi. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wuta, da kwararowar kayan waje, da yawansu suka rufe. Yanzu ɗalibi kan yi yawo da takardar neman gurbin koyon aiki har wa'adin ya ƙare, a sa masa hannu a wani ofis da ba shi da ko ma'aunin zafi. Waɗanda suka dage suka ƙware kuwa, akasari sai dai mu ji suna simintin Obajana ko na Sakkwato, ko matatar Lekki, ko kamfanonin mai na kudu. Ba laifinsu ba ne, inda injin yake nan ma'auni yake.

Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin ba shi da ƙyale-ƙyale. Ka ɗauki ma'aunin da aka tabbatar da gaskiyarsa, ka jera shi da wanda ke jikin inji, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya, ka saita, ka rubuta kwanan wata, ka sa hannu. Yawancin ma'aunan masana'anta suna aika saƙonsu ta waya da 'yar wuta tsakanin miliamfa 4 zuwa 20. An fara daga 4 ne ba daga sifili ba saboda wata hikima: idan tanki ya ƙare za a ga 4, idan kuwa aka ga sifili to waya ce ta tsinke. An ware wa gaskiya lambarta, an ware wa shiru tasa. Wahalar da ta fi ta lissafi ita ce ta hali. Mai duba inganci zai tsaya gaban manajan da ya girme shi, mota na jira a waje, ya ce ranka ya daɗe, wannan kayan ba zai fita ba. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, kada ka ba babba kunya a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, amma ba a rubuta ta a littafin awo. Wanda ya cike gurbin jiya da lambar da bai duba ba don kada a yi masa faɗa, ya fi wanda bai zo aiki ba haɗari.

A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, kuma ta kudu ya nufo birni. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda aka yi alkawari. Lokacin haƙa an ɗebi matasa aikin ƙarfi da gadi, kamar dai yadda aka ɗebi kakanninsu a filin kuza. Amma haƙa na 'yan watanni ne. Bututu irin wannan, da zarar an rufe shi da ƙasa an sake shuka dawa a gefensa, abin da ke saura a fili shi ne tashoshin bawul da aka kewaye da waya a tazara-tazara, da tashar awo a inda ake miƙa iskar ga mai saye, da ɗaki guda mai allunan kwamfuta inda ake ganin matsin kowane yanki. Waɗannan za su bukaci masu duba su na shekaru arba'in ko fiye, kuma takardar da ake tambaya a ƙofar ita ce ta lantarki, reshen ma'aunai da sarrafawa.